Ajiyar da Ke Bayan Baba Balarabe

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ba da magani a wani asibiti a Madina, kuma cikin duk waɗanda na taɓa yi wa bayanin magani babu wanda ya ba ni wahala kamar mai gidan da muke haya, Baba Balarabe. Ba taurin kai ne matsalar ba, ko da yake yana da nasa daidai gwargwado. Shi dai sai ka gama shirya amsoshinka tsaf, ya tsallake su duka ya ɗauko tambaya daga inda ba ka zata ba.

Sunana Hannatu, 'yar Zariya ce ni. Ni da maigidana Ali muka kama saman gidan Baba a unguwar Harra ta Yamma a shekarar 1994. Baba ɗan ƙasa ne da takardunsa, amma idan ya buɗe baki da Hausa sai ka rantse jiya ya baro Katsina. Mahaifinsa ne ya taso daga can da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, ya yi noma a nan, ya yi ɗinki a can, har aka haifi Balarabe a Sudan wata ranar Laraba. Burin tsohon ɗaya ne, ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi, kuma Allah ya cika masa. Matarsa ma can take kwance, haka matar Baba. Shi ya sa in ban da aikin Hajji, Baba ba ya kwana a wajen gari. Ko Jidda ya je, ranar zai juyo, wai kada ajali ya riske shi a inda ba a yi da shi ba. Muna yi masa dariya, shi ma yana taya mu, amma kowa ya san ba da wasa yake ba.

Sana'arsa ajiya ce. Alhazanmu idan sun gama ziyara za su wuce Makka, sai su zo su jibge kayansu a ɗakinsa na ƙasa: darduma, tukwane, keken ɗinki, akwatunan ƙarfe. Bai yarda da takarda ba, ya ce takarda kowa na iya rubutawa. Sai ya ɗauko tsohuwar atamfa ya yago ƙyalle, ya tsaga shi biyu, ya ɗaura rabi a jikin kayan, ya ba mai kaya rabi. Ranar karɓa a haɗa. Idan zane ya hau zane, tsaga ta hau tsaga, ka ɗauki kayanka, shi kuma ya ƙulle ƙyallen biyu wuri ɗaya ya jefa a wani babban gwangwanin madara. In mai kaya ya rasu a Makka, ko ya tafi bai waiwayo ba, Baba ba ya hutawa sai ya samo ɗan garinsu amintacce ya danƙa masa hannu da hannu. Na ga ya yi shekara biyu yana cigiyar wani mutumin Maraɗi a kan bargo biyu da buta.

A wurin ƙullin nan ciwon ya fara nuna kansa. Wata safiya na sauko za ni aiki na tarar da shi yana fama da ƙyalle, babban yatsansa ya ƙi kamawa, yana ta yi masa faɗa kamar yana jin magana. Bayan wata biyar Dakta Kabir, likitan ƙwaƙwalwa da laka a asibitinmu, ɗan Kano, ya kira ciwon da sunansa. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hannu zai tafi, ƙafa ta bi, sai harshe, daga ƙarshe numfashi. Hankali kuwa yana nan garau har ranar ƙarshe, kuma a ganina nan ne muguntar ciwon take.

Baba yana da 'ya guda ɗaya tilo, Nadiya, malamar Turanci a makarantar 'yan mata, ta ɗan haura talatin. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, sai in ta fusata ta gwamutsa biyun. Ita ba ta karɓi maganar Dakta Kabir ba. Ta zauna ta rubuta wasiƙu zuwa duk asibitin da ta ji sunansa a duniya, yawancinsu ko amsa ba su yi ba. Sai wani asibiti a Turai ya aiko cewa suna gwada wata sabuwar hanya a kan mutane ƙalilan, kuma akwai gurbi ɗaya.

Ita ta roƙe ni in yi wa mahaifinta bayani. Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma ya sha faɗa cewa magana mai nauyi da Hausa yake son jin ta. Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar, da shayi da na'ana'a. Na karyo taliya guda, tsawon ɗan yatsa, na ɗora masa a tafin hannu.

"Baba, kamar haka ɗan kwanson da za su sa maka yake, sai dai yana da rami a ciki. A ramin za su zuba ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda ido ba ya gani. An gyara su ne su riƙa fitar da wani sinadari mai ciyar da jijiya. Jikin kwanson kamar rariya yake. Abinci yana shiga musu, magani yana fitowa kaɗan-kaɗan dare da rana, amma garkuwar jikinka ba ta iya shiga ta kashe su. Za a sa shi a ƙasan bayanka, cikin ruwan da ke kewaye da laka."

"Me ya hana a ba ni in sha, ko a yi mini allura?"

"An gwada allura. Kafin ya isa inda ake so ya gama wahalar da jiki, ga tari ga rama. Kuma akwai shinge tsakanin jini da laka, ba kowane magani ke ƙetarewa ba. Shi ya sa suke so su kai shi ciki. Amma Baba, ba su ce zai warkar da kai ba. Gwaji ne."

Ya gyaɗa kai. Sai na ja numfashi na shiga wurin da nake tsoro. Kwana uku na yi ina shiri, na tambayi malamai biyu, har da rubuta nassosi a takarda, domin asalin ƙwayoyin daga wata 'yar dabba ce mai kama da ɓera. Na faɗa masa, na buɗe takardata zan fara karantowa.

"Magani ne, Diktora, ba tuwo ba ne," in ji shi, don haka yake kirana, wato likita. "Wuce nan."

Haka na ninke takardata kunya ta ishe ni. Shi kuwa ya tsura wa hoton da suka aiko ido, ya nuna wani siririn abu a wutsiyar kwanson da haɓarsa.

"Wannan zaren na mene ne?"

"Na jawowa ne. Bayan wata huɗu za ka koma su ciro shi, su duba ko ƙwayoyin sun rayu. Daga nan za su san abin da za su gyara wa waɗanda za su zo bayanka."

"Ashe ba ba ni za su yi ba."

"To, ba kyauta ba ce ta har abada."

"Ajiya ce ke nan."

Na yi dariya na ce eh, kusan hakan ne. Na ji daɗi ma, ina ganin na samu hanyar da abin ya shiga kansa. Da na san inda wannan amsar za ta kai mu, da na tsaya na yi tunani kafin in buɗe baki.

Bai yarda don yana sa ran warkewa ba. Ya dubi Nadiya ne, wadda ta yi wata shida ba ta cin abinci sosai, ya ce, "Kwana goma kika ce? To. In na mutu a can, ke za ki yi wa kakanki bayani." Ta yi dariya da hawaye, ta sumbaci kansa.

Suka tafi a farkon 1997, suka dawo ran kwana na goma sha ɗaya, Baba a keken guragu yana ta murna kamar wanda ya tsere daga kurkuku. A wuyan hannunsa na hagu na ga ƙyalle ja da ruwan ɗorawa a ɗaure. Nadiya ta ba ni labari tana rufe fuska. Wai ana shirin shiga da shi ɗakin tiyata ya ce sam, sai ta yago ƙyalle daga tsohon zanen mahaifiyarta da ta tafi da shi, ta tsaga biyu, ta ɗaura masa rabi, ta miƙa wa babban likitan rabi. Ta ce ta so ƙasa ta tsage ta shige. Amma likitan, wani dogon Bature mai sanƙo, ya saurari bayanin har ƙarshe, bai ko murmusa ba, ya ɗauki ƙyallen ya maƙale shi a cikin fayil ɗin Baba.

Duk wata Dakta Kabir yana ɗibar ruwan bayan Baba ana aikawa Turai, sakamako yana dawowa cewa maganin yana fita yadda ake so. Ni da na san aikin, abin ya burge ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wasu halittu ne a kulle cikin ɗan kwanso, a bayan wani tsoho a Harra, suna ta aikinsu ba fashi. Sai dai ciwon bai san ana yi ba. A wata na biyu ƙafafu suka tafi. A wata na uku ruwa ya fara shaƙe shi, muryarsa ta koma siririya, kuma ba ya iya kwanciya sai a jingine. Da ranar komawa ta matso, Dakta Kabir ya auna numfashinsa ya kira mu gefe ni da Nadiya. Ya ce ba zai iya cewa Baba zai sauka daga jirgin da rai ba, in kuma ya sauka, ba zai iya cewa zai dawo ba.

Ranar Nadiya ta hawo sama ta ba ni fasfon mahaifinta ta ce in ɓoye. Ita da ta yi ta jan sa zuwa Turai, yanzu ita ce ta tare ƙofa. Na karɓa na sa a cikin akwatin lefena, ina ganin ta yi daidai.

Kwana biyu bayan haka Baba ya aika a kira ni. Na same shi a jingine a ɗakin ajiya, inda ya ce a mayar masa da gadonsa, Nadiya na tsaye a bakin ƙofa.

"Diktora, fasfona yana wurinki," ya ce. Ba tambaya ya yi ba.

"Abuya, khalas, ya isa haka," in ji Nadiya. "Takardar da ka sa wa hannu ta ce kana iya fasawa duk ranar da ka ga dama. Na yi musu waya. Sun ce a bar shi a jikinka, ba ya cutarwa, ba su riƙe ka da komai ba."

"Sun ce ba sa so?"

"Sun ce lafiyarka ta fi."

"Ba shi na tambaya ba."

Baba ya juyo da idonsa kaina, ni kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce suna so. Mutum shida kawai aka sa wa, kuma duk wanda ba a ciro ba, abin da zai koya musu ya tafi ke nan.

Ya huta, ya tara numfashi, domin yanzu magana sai da guntu-guntu. "Mai kaya in ya ga kana jin jiki ya ce ka bar shi kawai, kunya ce ta sa shi. Na san wannan. Shekara arba'in, ko allurar wani ban riƙe ba tare da na san ranar mayarwa ba. Yanzu in shiga Baƙi'a, tsakiyar mutanen da ke kwance a can, da kayan mutane a bayana?"

"To in ka mutu a can fa?" Nadiya ta koma Hausa. "Kakana ya taka shekara bakwai don kada hakan ta faru. Kai kuma a kan abu kamar taliya za ka je ka kwanta a ƙasar da ba ka san kowa ba? Ummi tana nan, kai kana can?"

Hawaye suka zubo masa, kuma ba shi da hannun sharewa. Babu wadda ta motsa a cikinmu. "Shi nake tsoro," ya ce. "Wallahi shi nake tsoro, fiye da mutuwar. Amma a ba ni fasfona."

Na hau sama raina a ɓace. Haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina da bakina, har Baturen da ya karɓi ƙyalle bai yi dariya ba sai da na ji haushinsa. Na gaya wa Ali cewa wannan ba addini ba ne, taurin kai ne na tsufa, malami ko ɗaya ba zai ce ya ci amana ba. Ali ya ce gaskiya ne, amma ba malamin ne zai kwanta a kabarin ba.

Washegari na je ofishin Dakta Kabir na tambaye shi ko ba za a iya ciro kwanson a nan Madina ba. Ya ce aikin ba wani babba ba ne, allurar kashe zafi ce da ɗan yanka, matsalar ita ce ko masu shi za su yarda. Kwana tara muka yi muna musayar takardu da Turai ta na'urar fakis. Daga ƙarshe suka yarda, da sharuɗɗa. Za su aiko da kwalba mai ruwa na musamman. Daga fitowar kwanson zuwa isarsa wurinsu kada ya wuce kwana ɗaya. Ba za a sa shi cikin kayan jirgi ba, sai dai mutum ya riƙo shi a hannu har ɗakin bincikensu.

Na sauko da gudu na gaya wa Baba, ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Sai a tsakiyar maganar na gane abin da ban lissafa ba. Ni da Ali baƙi ne, kafin mu samu izinin fita daga wurin aiki da biza sai an yi makonni. Maƙwabcinsa kuma amininsa Malam Mahmudu ko fasfo ba shi da shi. Mutum ɗaya ne ke da biza a shirye, wadda aka buga mata saboda wannan tafiyar.

Nadiya ta riga ni ganewa. Ta ce a nemi kamfanin aike, a nemi ma'aikacin jirgi, a nemi kowa. Baba ya bari ta gama.

"Hannu da hannu," ya ce.

"Abuya, kwana biyu ne. Ka ji abin da Dakta ya ce."

"Na ji."

Ta fita tsakar gida ta daɗe a tsaye. Na bi ta na ce ba dole ba ne, za mu iya ciro shi mu ajiye, ya fita daga jikinsa ke nan, sauran kuma ya zama tsakaninmu. Ta ce zai tambaya. Ta ce kuma ita ta ɗauko wannan abu da wasiƙunta, ba wani ba. Takardar izinin tafiyarta kuwa, wadda dole sai uba ya sa wa hannu, da yake hannunsa ba ya ɗaguwa, ita da kanta ta kama babban yatsansa ta shafa masa tawada ta danna a kai.

Ranar Talata da safe aka yi aikin. Aka kwantar da shi a gefe ɗaya, da iskar numfashi a hanci, ni ina tsaye riƙe da kwalbar. Bai kai minti arba'in ba Dakta Kabir ya kamo zaren ya jawo a hankali. Fari ne, siriri, lallai kamar taliyar da na karya. Baba ya ce a nuna masa. Na matso da kwalbar gaban fuskarsa.

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ya fi keken ɗinki nauyi," ya ce.

Nadiya na jira a waje da abayarta da 'yar jakarta. Na sa kwalbar a ƙaramar kula na rufe na ba ta. Ta shiga ta durƙusa a gefen gadonsa.

"Ki karɓo ƙyallen," ya ce.

"Ka jira ni, Abuya."

Ya dube ta ya daɗe, amma bai amsa ba. Mutum ne da ba ya ɗaukar alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba, kuma a ranar na so a ce ya karya wannan ɗabi'a ko sau ɗaya.

Ranar Laraba bayan azahar wayar ɗakin ta yi ƙara. Ni na kara masa a kunne, ina jiyo muryarta daga nesa. Ta ce ta isa a kan lokaci, ta danƙa wa likitan a hannunsa. Sun duba a madubin likita, fiye da rabin ƙwayoyin suna raye, har yanzu suna fitar da maganin. Ta ce mutanen ɗakin binciken sun taru suna kallo, suna gaishe shi. Duk wannan bai dame shi ba. Leɓɓansa suka motsa, na sunkuya na ji, na maimaita mata.

"Yana tambayar ƙyalle."

"Yana hannuna," in ji ta. "Yana cikin fayil ɗin inda ya maƙale shi. Shi da kansa ya ciro ya ba ni."

Baba ya lumshe ido ya yi hamdala. Tun da na san shi ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar ranar ba. Ya ce a juya gadon ya fuskanci alƙibla, aka juya.

Ranar Alhamis da hantsi ya tambaye ni ko ta taso. Na ce ta taso, tana sama. Bai sake magana ba sai kalmar shahada, Malam Mahmudu yana laƙƙana masa. Kafin rana ta take ya cika.

Na roƙi Malam Mahmudu a jira zuwa magariba, jirginta zai sauka Jidda da rana, ta hawo na Madina. Ya ce da son ransa ne da ya jira, amma Baba ya yi masa wasiyya tun watan jiya, ya kuma maimaita jiya: sallar farko da ta riske shi bayan ya cika, kada a wuce ta ba a binne shi ba. Aka yi masa salla bayan azahar a Masallacin Annabi, maza suka ɗauke shi suka shiga Baƙi'a. Mata ba sa shiga. Kaburburan can kuma ba a rubuta musu suna, tudun ƙasa ne da ɗan dutse, kowa kamar kowa. Da Ali ya fito ya miƙo mini ƙyallen da masu wanka suka kwance daga hannun Baba.

Bayan wasu watanni wasiƙa ta zo daga Turai. Sun rubuta cewa kwanson ya yi aikinsa, ƙwayoyin suna iya rayuwa a jikin mutum ba tare da jiki ya kashe su ba, amma maganin bai tsayar da ciwon ba, ko a wurin Baba ko a wurin sauran. Sun ce abin da suka gani zai taimaka wa aikin gaba. Ban san ko ya taimaka ba. Na kan so in yarda cewa wani, a wani wuri, ya amfana, amma ba ni da shaida, kuma shi Baba bai taɓa ɗora maganarsa a kan wannan ba.

A ranar Alhamis ɗin dai, Ali ya ɗauko Nadiya daga filin jirgi bayan la'asar, ya gaya mata a mota. Ba ta ce a kai ta gida ba. Na same su a jikin shingen Baƙi'a, inda mata ke tsayawa su leƙa ta tsakanin ƙarafa, tattabaru na ta sauka suna tashi. Kular tana rataye a kafaɗarta, babu komai a ciki. Ali ya nuna mata da hannu, ya ce wajen can ne, bayan waccan hanyar, ɗan dama kaɗan. Ta duba ta duba. Sababbin kaburbura sun fi goma a wurin.

"Ya tambaye ni?" ta ce.

"Ya tambaya ko kin taso. Na ce kin taso."

Ta jingina goshinta da ƙarfen. "Ya samu duka biyun, Hannatu. Ya mayar da kayansu, ya kwanta kusa da Ummi. Ni ce kawai ban samu komai ba."

Na so in ce mata lada, in ce mata biyayya, irin maganganun da ake faɗa. Na kasa, domin a raina na yarda da ita, kuma har yau da nake rubuta wannan ban gama yafe wa tsohon nan awa huɗun da ya hana ta ba, duk da irin son da nake masa. Na tsaya kusa da ita.

Can ta buɗe jakarta ta ciro ƙyalle ja da ruwan ɗorawa, da ɗan ramin da maƙalin fayil ya huda. Na ciro nawa, wanda ya koɗe saboda wata huɗu na alwala. Ta ɗora su a tafin hannunta ta daidaita bakinsu. Ganyen da aka tsaga a tsakiya ya haɗu. Da za ta ƙulla, sai na riƙe mata gefe ɗaya. Ta yi ƙulli biyu, yadda yake yi, ta ja da ƙarfi, sannan ta tambaye ni ko na san inda ya ajiye gwangwanin.